Husufin Wata A Tamale: Darasin Da Ke Ciki Ga 'Yan Kasuwar Kan Iyaka

Idan mai karatu bai manta ba, a ranar Lahadi 7 ga watan Satumba na shekarar 2025, wadda ta zo daidai da tsakiyar watan Rabi'ul Awwal na 1447, kwanaki kaɗan bayan Mauludi, wata ya fito a Afirka ta Yamma cikin wata irin kama da ba a saba ganinsa da ita ba. Maimakon farin watan nan tas na daren sha huɗu, sai ga wani abu jajaja-jajaja kamar garwashin da toka ta fara rufewa. Wannan shi ne husufin wata cikakke, wanda iyayenmu ke kira zazzaɓin wata, wasu kuma su ce rana ta kama wata.

Mu a wannan yammaci muna Vittin, unguwar da ke bakin birnin Tamale ta wajen gabas, inda cunkoson gine-gine bai kai na Aboabo ko Zango ba, don haka mutum na iya samun fili ya hango gabas sosai. Muna idar da sallar magariba muka fito da wayoyinmu na salula, kowa na ɗokin ɗaukar hoton da zai aika gida. Mun ɗauki kusan minti ashirin muna lalube ba mu ga komai ba, alhali lissafi ya nuna watan ya fito tun wajen ƙarfe shida da minti goma. Dalili kuwa shi ne ya fito ne yana tsakiyar inuwa, ga shi kuma hasken almuru bai gama janyewa ba. Sai da duhu ya fara shiga sannan muka hango shi can ƙasa-ƙasa a kan bishiyoyi. Da ƙarfe bakwai saura 'yan mintoci gefensa guda ya fara haske, kafin ƙarfe takwas ya koma yadda kowa ya san shi.

Hotunan da muka ɗauka a daren ba abin nuna wa baƙo ba ne. Yawancinsu ɗigo ne ja a cikin baƙin fili, wasu kuma sun yi jirwaye saboda rawar hannu. To amma tun kafin mu ga watan da idonmu, wayoyinmu sun riga sun cika da hotunansa ta WhatsApp: ga shi nan ƙato kamar faifai, ja wur kamar jini, wani a bayan hasumiya, wani a kan teku. Tare da hotunan kuma ga irin saƙonnin muryar nan da aka saba, wannan ya ce alamar yaƙi ce, wancan ya ce wani babba zai rasu, wani ya ce a hana mata masu ciki fita. Wannan shi ya sa muka ga ya dace mu yi tsokaci a kan lamarin, domin a ganinmu ɗan kasuwa ya fi kowa buƙatar ya san gaskiyar husufi, kasancewar duk lokacin da jita-jita ta tayar da hankalin gari, rumfarsa ce ke fara ɗanɗana kuɗarta.

Abin Da Ke Jawo Husufi

Wata ba shi da hasken kansa, hasken rana ne ke dukansa ya dawo mana. Ita kuma duniya, kamar kowane abu da haske ya daka, tana da inuwa da ke miƙewa a bayanta cikin sarari. Idan rana da duniya da wata suka jeru a layi guda, duniya na tsakiya, sai wata ya faɗa cikin wannan inuwa. Shi ya sa husufin wata ba ya taɓa faruwa sai a tsakiyar watan Musulunci, lokacin da wata ya cika, kamar yadda husufin rana ba ya faruwa sai a ƙarshen wata. Duk wanda ya aiko maka da saƙo cewa za a yi husufin wata ranar bakwai ko ranar ashirin ga wata, ka san bai san abin da yake faɗa ba.

Mai karatu na iya tambaya, to me ya sa ba a yin husufin kowane wata? Amsa ita ce hanyar da wata ke bi wajen kewaya duniya ta ɗan karkace da kimanin digiri 5 daga hanyar da duniya ke bi wajen kewaya rana. Saboda haka a yawancin watanni yakan wuce ta saman inuwar ko ta ƙasanta. Sai kusan bayan kowane wata shida ne ake samun damar jeruwar, kuma ko a lokacin ma wani sa'in gefen inuwar kawai yake shafa. Watan yana da nisan kimanin kilomita 384,000 daga gare mu, kuma a wannan nisa faɗin inuwar duniya ya ninka faɗin watan fiye da sau biyu da rabi. Wannan ne ya sa yakan ɗauki lokaci kafin ya ratsa. Na Satumba 2025 ya yi minti 82 a cikin cikakkiyar inuwa. Na 27 ga Yuli 2018 kuwa ya yi awa ɗaya da minti 43, wanda shi ne mafi tsawo a wannan ƙarni.

Jan launin da ke tsorata mutane shi ma yana da bayani. Iskar da ta lulluɓe duniya tana lanƙwasa wani kaso na hasken rana ta jefa shi cikin inuwar, kuma a kan hanya takan tace shuɗin haske ta bar ja ya wuce. Abin da ke sa rana ta yi ja idan za ta faɗi ke nan, musamman a lokacin hazo. Idan ƙura ko toka ta yi yawa a sama sai watan ya ƙara duhu. Alal misali, bayan da dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya yi aman wuta a 1991, husufin da aka yi a Disamba 1992 ya yi duhun da da ƙyar ake ganin watan. Sannan kallon husufin wata da ido ba ya cutarwa ko kaɗan. Na rana ne ke makantarwa, kamar yadda aka yi ta jan kunnen jama'a a lokacin husufin rana na 29 ga Maris 2006, wanda ya ratsa kudancin Ghana da Togo da Benin, ya bi ta Gusau da Katsina ya shiga Nijar.

Abin Da Ya Faru A Maiduguri

Kada wani ya ɗauka wannan zancen 'yan boko ne da bai shafi ciniki ba. A daren 9 ga Janairu 2001 an yi husufin wata cikakke da aka gani a duk faɗin Nijeriya. A Maiduguri sai wasu matasa suka fantsama kan titi suna cewa zunubin da ake aikatawa a gari ne ya jawo, suka afka wa otal-otal da mashaya da dama suka banka musu wuta, har sai da jami'an tsaro suka shiga tsakani. Duk wanda ya taɓa zama a garin da aka yi tarzoma ya san abin da kan biyo baya: a rufe shaguna, motocin kaya su tsaya a bakin gari, mai tumatir da mai kifi su yi asarar da babu mai biyansu, baƙi su kwana cikin fargaba.

Abin lura a nan shi ne, ranar wannan husufi da sa'arsa suna rubuce a littattafan masana falaki tun kafin a haifi waɗancan matasa. Tun zamanin mutanen Babila aka gano cewa husufi na maimaita kansa bayan shekara 18 da kwana 11 da kusan awa 8. Mai karatu ya ɗauki biro ya gwada da kansa. A ƙara wannan adadi a kan 9 ga Janairu 2001, sai a faɗa 21 ga Janairu 2019, kuma lallai an yi husufi cikakke da asubahin wannan rana. Haka na daren 3 ga Maris 2007, wanda da yawa daga cikinmu suka kalla wajen ƙarfe sha ɗaya na dare, ya dawo ranar 14 ga Maris 2025 a tsakiyar azumi, inda mutanen Ghana suka ga farkonsa da asuba kafin watan ya faɗi. Abin da ake iya faɗin ranarsa shekaru aru-aru kafin ya zo, ba a ɗora laifinsa a kan maƙwabci.

Hasali ma addini ya riga kowa kashe wannan magana. A ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), ya rasu a Madina an yi husufin rana, mutane suka ce saboda rasuwar ce. Manzon Allah (SAW) ya gyara musu fahimta, ya bayyana cewa rana da wata ayoyin Allah ne da ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya kuma umarci jama'a da salla da addu'a da sadaka idan sun gani. A mazhabar Malikiyya, wadda yawancinmu ke bi, sallar husufin wata nafila ce da mutum ke yi shi kaɗai raka'a bibbiyu, wasu mazhabobin kuma suna yin ta cikin jam'i. Kowa ya bi abin da malaminsa ya karantar da shi. Sanin lokacin husufi bai rage masa komai ba a matsayin aya, kamar yadda sanin lokacin fitowar rana bai hana ta zama aya ba. Abin da babu malamin da ya karantar shi ne ɗaukar fetur da ashana.

Wanda Ya San Rana Shi Ke Yanka Farashi

Akwai wani labari na tarihi da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya riƙe. A shekarar 1503 jiragen ruwan Kiristofa Kolumbus suka lalace a tsibirin Jamaika, shi da mutanensa suka maƙale. Da farko mutanen tsibirin na kawo musu abinci, amma da suka gaji da halinsu sai suka daina. Kolumbus na da littafin lissafin taurari, ya duba ya ga za a yi husufin wata a daren 29 ga Fabrairu 1504. Sai ya tara shugabanninsu ya ce musu Ubangijinsa ya yi fushi da su, zai ɗauke musu wata. Da dare ya yi watan ya fito ja, mutane suka firgita suka yi ta kwaso abinci. Da lissafinsa ya nuna watan ya kusa fita daga inuwa, sai ya fito ya ce an yafe musu.

Wannan yaudara ce tsagwaronta, kuma duk wanda ya zauna a kasuwa ya san irinta. Dillalin da ya riga ka jin farashin sefa a yau, ko ya riga ka sanin cewa an buɗe hanya, shi ne zai saye kayanka da araha. Masu iya magana na cewa rashin sani ya fi dare duhu. A 'yan shekarun nan kuwa hankalin 'yan kasuwar kan iyaka a tashe yake. Nijeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka ƙaƙaba takunkumin da ya tsayar da harkoki a Jibiya da Illela da Maigatari da Malanbil. A Janairu 2025 kuma Mali da Burkina Faso da Nijar suka kammala ficewa daga ECOWAS. Mutumin da ya sha irin wannan wahala, idan aka ce masa jan wata alamar sabon bala'i ce, ba zai yi wuyar gaskatawa ba. Daga nan sai wani ya karyar da kayansa, wani ya fasa tafiya, wani ya ɓoye hatsi, mai wayo kuma ya kwashe riba.

Agogo Biyu, Wata Guda

Wani abin da ke rikita mutane, musamman mu masu zirga-zirga tsakanin ƙasashe, shi ne maganar lokaci. Husufin wata na faruwa ne a lokaci guda ga duk wanda watan ke samansa, amma agogonmu ba ɗaya ba ne. Ghana da Togo da Burkina Faso suna kan agogon GMT, su kuma Benin da Nijar da Nijeriya suna gaba da awa ɗaya. Don haka lokacin da watan ya fara fita daga inuwa a Satumba 2025, agogon mai shago a Paga ko Bawku ko Sinkase na nuna bakwai saura, na ɗan'uwansa a Gaya ko Birnin Ƙonni na nuna takwas saura. Duk sanarwar da ba ta faɗi agogon wace ƙasa take nufi ba, ragaggiya ce.

Bayan bambancin agogo akwai na wuri. Wanda ke gabas yana riga na yamma ganin fitowar wata. A wancan dare mutanen Kano sun ga watan ya fito daidai lokacin da yake gama shiga inuwa, mu kuwa a Tamale sai bayan fiye da rabin awa ya iso mana, lokacin an riga an ci rabin husufin. Wannan bambanci ba ƙaramin abu ba ne a tarihin ilimi. A shekarar 997 Miladiyya, malaman Musulunci biyu, Albiruni a garin Kath da ke ƙasar Uzbekistan ta yau, da Abul Wafa a Bagadaza, suka yi alkawarin kallon husufin wata guda, kowa ya rubuta lokacin da ya gani a garinsu. Da suka kwatanta sai suka sami bambancin kusan awa ɗaya, da haka suka auna tazarar gabas da yamma da ke tsakanin garuruwan biyu. Ba su da kyamara, ba su da salula. Idonsu da lissafi da riƙon amana wajen rubuta abin da suka gani su ne jarinsu. Mu ma nan gida ba baƙin wannan fanni ba ne, domin Katsina ta fitar da Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari da ya rasu a Alƙahira a 1741.

Yadda Mai Son Koyo Zai Ɗauki Hoto

Tunda mun sha kunya a Vittin, bari mu faɗa wa 'yan'uwa abin da muka koya don kada su maimaita kuskurenmu. Da farko, wata ƙarami ne a sama fiye da yadda ido ke raya mana. Idan ka miƙa hannunka, farcen ƙaramin yatsanka zai rufe shi. Kyamarar salula kuwa an yi ta ne don ɗaukar fili mai faɗi, shi ya sa watan ke fitowa kamar ƙwayar gero. Jawo hoton da yatsu biyu ba ya ƙara komai sai dishi-dishi, sai fa wayar da ke da gilashi na musamman na jawo nesa.

Na biyu, idan watan ya shige inuwa haskensa na raguwa sau dubbai, don haka kyamara na buƙatar ta daɗe a buɗe, kamar daƙiƙa ɗaya ko biyu, kafin ta tara hasken da zai isa. A cikin wannan ɗan lokaci ko numfashi ka yi hoton ya ɓaci. Maganin wannan shi ne kada ka riƙe wayar a hannu. In babu abin kafa kyamara mai ƙafa uku, buhun masara ko na shinkafa a kan benci ya wadatar: ka nutsa wayar a ciki ta tsaya cak, ka sa mata jinkirin daƙiƙa uku ko goma don ta ɗauka bayan ka janye hannu. Ka kashe filasha, domin ba ta haska abin da ke nisan kilomita dubu ɗari uku. Ka goge gilashin, ka nisanci fitilar titi da ta mota.

Na uku, kada ka bar wayar ta yi maka zaɓi. Ka taɓa watan a kan allo don ta mai da hankali a kansa, sannan ka ja hasken ƙasa idan watan na da sauran fari, in ba haka ba zai fito kamar ƙwan lantarki. Idan ya koma ja gaba ɗaya sai ka ƙara. Yawancin wayoyin da ke hannunmu, irin su Tecno da Infinix da Samsung, suna da sashen da mutum ke saita komai da kansa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya: ka gwada a kan cikakken wata na kowane daren sha huɗu tun kafin ranar ta zo. Wanda ke da madubin hangen nesa irin na mafarauta ko masu gadi ya fi kowa sa'a, domin idan ya kafa shi ya ɗora idon kyamarar a bakinsa, zai sami hoton da har duwatsun watan za su fito.

Na huɗu, idan watan ba zai yi girma ba, to ka ba shi abokin tafiya. Ka sa hasumiyar masallacin unguwarku, ko bishiyar kuka, ko jerin motocin kaya da ke jiran kwastan a cikin hoton. Ƙaramin jan wata a kan tashar da kowa ya sani ya fi ƙaton wata da babu wanda ya san inda aka ɗauke shi. Sannan ka rubuta gari da rana da lokaci da agogon ƙasar da kake. Akwai ma wani ma'auni da wani masani Bafaranshe mai suna André Danjon ya tsara, daga 0 zuwa 4, inda 0 ke nufin watan ya yi duhu har ya kusa ɓacewa, 4 kuma ya yi haske kalar jan ƙarfe. Ko ɗan makaranta zai iya ba da wannan maki. Daga ƙarshe, ka ajiye wayar na ɗan lokaci ka kalli abin da idonka, domin idan hasken wata ya dushe taurarin da yake ɓoyewa kan fito fili, kuma wannan kyan gani ba ya shiga salula.

Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

Me ya sa muka dage a kan mutum ya ɗauki nasa hoton ko da bai yi kyau ba? Saboda hoto ya daina zama shaida sai an san mai shi. Da yawa daga cikin jajayen watannin da ke yawo a waya tsofaffi ne na wasu shekaru, wasu an haɗa su ne a kwamfuta, yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira da ke zana abin da bai taɓa faruwa ba. Ko ita kanta wayar ba a bar ta a baya ba. A shekarar 2023 an yi ta cece-kuce a kan hotunan wata da wasu wayoyin Samsung ke ɗauka, har kamfanin ya fito ya yi bayanin cewa manhajar wayar na gane wata ta kuma ƙara wa hoton armashi.

Ɗan kasuwa ba ya sayen buhu sai ya soka masa ƙarfe ya ga ƙwayar. Haka ya kamata mu riƙa yi wa hoto da saƙon murya: wa ya ɗauka, a ina, yaushe? Idan abokin cinikinka na Dawanau ya aiko maka da ɗan ɗigonsa ja da lokacin da ya ɗauka, kai ma ka aika masa naka daga Tamale, kun tabbatar wa juna cewa abu guda kuka gani, kuma bai fi ƙarfin lissafi ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ba mu manta da yaran da ke fitowa da gwangwanaye da ganguna ba. Wannan al'ada ta daɗe. Turawan nan biyu 'yan'uwan juna, Richard da John Lander, sun rubuta yadda suka ga mutanen Busa, a bakin kogin Kwara, suna kaɗe-kaɗe da kururuwa a daren husufin 2 ga Satumba 1830. A ƙasar Hausa ana cewa rana ce ta kama wata, su kuma Batammariba na arewacin Togo da Benin suna ɗaukar husufi a matsayin faɗa tsakanin rana da wata, don haka lokaci ne na sasanta masu gaba. Ba mu ga abin faɗa da yara a kan kiɗan gwangwani ba, matuƙar bai zama hanyar jifa da ɓarna ba. Abin da ya rage gare mu iyaye shi ne mu kira su gefe, mu ɗauki tocila da lemo da ƙwallo mu nuna musu yadda inuwa ke aiki, mu faɗa musu tun da wuri ƙarfe nawa watan zai fito. Yaron da ya ga maganar babansa ta cika daidai da agogo ba zai bi mai ashana ba idan ya girma.

Ina Masu Sanarwa?

Abin tambaya a nan shi ne, wa ke da alhakin sanar da jama'a? Nijeriya na da hukumar binciken sararin samaniya ta NASRDA tun 1999. Ghana ta ƙaddamar da na'urar sauraren sararin samaniya mai faɗin mita 32 a Kuntunse kusa da Accra a 2017. A nan Tamale akwai Jami'ar Nazarin Ci Gaba, wato UDS, da aka kafa a 1992. Ilimin yana nan, matsalar ita ce yakan tsaya a Turanci da Faransanci, a shafukan intanet da mai rumfa a Aboabo ba ya leƙawa. Muna kira ga waɗannan hukumomi da gidajen rediyonmu da su riƙa fitar da sanarwa da Hausa da Dagbani da sauran harsunan yankin aƙalla mako guda kafin husufi. Muna kira ga limamai su ambata a huɗubar Juma'ar da ta gabace shi, sarakunan zango da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi kuma su isar da saƙon a tasha da kasuwa. Wannan ba ya cin ko sidi ɗaya, kuma rigakafi ya fi magani.

Kafin su motsa, ga namu gudummawar, mai karatu ya yanke ya liƙa a bangon shago. A ranar 31 ga Disamba 2028 za a yi husufi cikakke, amma mu a Ghana wutsiyarsa kawai za mu tarar da magariba, mutanen Maiduguri da Difa sun fi mu rabo. A ranar 26 ga Yuni 2029 akwai wani mai tsawo, fiye da minti 100, wanda zai kai tsakiyarsa wajen ƙarfe 3:22 na dare agogon Ghana, wato 4:22 agogon Nijeriya da Nijar. Shi ne ɗan'uwan na 15 ga Yuni 2011, sai dai damina ce, gajimare na iya hana ruwa gudu. Wanda muka fi sa wa rai shi ne na daren 20 ga Disamba 2029, da misalin ƙarfe 10:42 agogon Ghana, 11:42 agogon Nijeriya, lokacin rani ne kuma watan zai kasance can sama inda hazo bai cika tare shi ba.

Idan Allah Ya kai mu, muna fatan wannan dare ya same mu a shirye: wanda zai yi nafila ya yi, wanda zai ba da sadaka ya bayar, wanda zai ɗauki hoto ya kafa wayarsa a kan buhu, kasuwa kuma ta ci washegari lami lafiya daga Paga har Gamboru. Allah Ya nuna mana da rai da lafiya, Ya kuma tsare mana dukiyoyinmu daga sharrin jita-jita, amin.